Ƙullin da Kawu Bai Kwance Ba

Labarin ya same ni a rumfata ta bakin tashar jirgi a Kafanchan, ina tsaye a kan 'yan dako suna sauke harawa daga tarago. Wani direba mai bin hanyar Gwantu ne ya tsaya, ko mota bai kashe ba, ya leƙo ya ce, "Mai harawa, tsohonku na shanu ya tafi gida yau da safe." Kawuna yake nufi, ya rasu. Na ce to. Na bari aka gama sauke kaya, don jirgi ba zai tsaya saboda ina makoki ba, sannan na rufe rumfa na kama hanyar ƙauye.

Zumuntar matan majami'a sun riga ni isa. Sun zauna a tsakar gida suna waƙa a hankali, ɗaya tana buga bakin tulu da tafin hannu. Kowa ya shigo sai ya durƙusa a ƙofar ɗakin Mama, matar Kawu, ya ce, "Sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar." Na yi tawa gaisuwar, na fito na zauna cikin maza a gindin mangwaro, na kasa kunne. Sana'ata ta koya mini cewa ainihin maganar mutane tana fitowa ne bayan an gama gaisuwa.

Wani dattijon ikilisiya ya girgiza kai ya ce, "Mutumin da ya taɓa ficewa daga sujada ana tsakiyar wa'azi saboda ya hangi hayaƙi." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa mai wucewa da ƙwaryar kunu ta ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mana tsawa in mun zubar da toka mai wuta a bayan gida?" Tana faɗa tana share ido. Samarin da suka dawo daga haƙar kabari kuwa na ji ɗayansu ya ce wa ɗan'uwansa, "Baba ya huta, gafiyoyin filinsa kuma hutunsu ya ƙare."

Can sai ga Arɗo, tsohon Bafillatanin da rugarsa ke ƙetaren rafi, abokin Kawu tun suna matasa. Ya cire takalmi, ya gaisa da kowa, amma bai zauna ba. Ya dubi garke ya ce, "An shayar da su yau?" Gida cike da mutane, ba wanda ya tuna. Sai ya kwance shanun da kansa ya gangara da su rafi. Ban ga yana kuka ba, amma ya daɗe a can fiye da yadda shan ruwa yake ɗauka.

Da yamma, bayan an binne Kawu, babban ɗansa ya tara samari. Shi taubashina ne, tunda mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, kuma tare muka tashi. Na ji yana ce musu kowa ya wasa addarsa, don babban taron tunawa saura mako guda, baƙi za su zo daga Samaru Kataf da Kafanchan da ko'ina, kuma babu wuri mai faɗi sai filin bayan gida. A sare ciyawar, a ƙone, a kafa rumfuna. Na juya na dubi filin. Gamba ce da kyasuwa sun kai ƙugu, suna da sauran kore a gindi, kuma a kowace kusurwa ga tsinken gamba dogaye an tattara kansu an ƙulle. Hannun Kawu ne ya ƙulla su. Abincin shanunsa ke nan na tsakiyar rani, ya mutu bai kwance ba.

A wajen jana'iza Fasto ya ce marigayin mutum ne mai haƙuri, mai son zaman lafiya da kowa. Fasto ya kyauta, amma ba Kawuna ya kwatanta ba. Kawu ba shi da haƙuri da mutane, haƙurinsa duka ciyawa ya ba. Dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan yanzu da shekara ta kusa zagayowa, don kada jikokinsa su gaji wani tsoho mai laushi wanda bai taɓa rayuwa ba.

Mutanenmu manoma ne. Wanda Allah ya ba saniya, sai ya miƙa wa Fulani su riƙe masa, ya riƙa jin labarinta daga nesa. Kawu ne kawai ya ƙi. Ya yi wa Fulani kiwo a ƙuruciyarsa, suka sallame shi da karsana, ya jawo ta gida, daga cikinta duk garkensa ya fito. A majami'a ana kiransa Bafillatanin Yesu. Ba ya jin haushi. Abin da ya bambanta shi da Fulanin kuwa, shi ba ya tashi. Yana da gona, yana da mata, yana da kujera a majami'a, ba zai bi shanu zuwa wata ƙasa da rani ba. Abin da ya bambanta shi da masu turken cikin gari kuma, ba ya sayen harawa. Tsakanin waɗannan biyun ya yi rayuwarsa: dole shanunsa su ci da bakinsu, a ƙasarsa, daga farkon shekara har ƙarshenta.

Ni kuwa harawa nake sayarwa. Da dako na fara a tasha, na koma dillancin awaki, daga baya na gane masu kiwon sa a cikin gari za su sayi ganyen gyaɗa da na wake ko da nawa ne idan rani ya tsananta. Na fara kawowa daga arewa a jirgi, na haɗa da dusa da angurya, ina kuma sayen shanu idan sun faɗi in sayar idan sun tashi. Ranar da na je gaya wa Kawu na kama rumfa, na ɗauko masa dami guda kyauta. Ya zagaya damin kamar wanda aka kawo wa baƙon da bai gayyata ba.

"Wannan daga ina?"

"Daga Kano, Kawu. A jirgi."

"Ciyawa ta hau jirgi," in ji shi. "Ni ban taɓa hawa ba." Ya kira Mama. "Zo ki ga ɗan ƙanwata. Shi mai ƙafa biyu ya ɗauko wa mai ƙafa huɗu abinci a ka."

Wannan maganar ya maimaita mini ita har ya mutu. Idan ya gan ni a kasuwa sai ya ɗaga murya, "Mai ƙafa biyu, yaya masu ƙafa huɗu, sun ƙoshi?"

A ranar ce ya ja ni muka zagaya ƙasarsa, ba don ya koya mini ba, don dai ya ci ni da gardama. Ya ce da damina tudu yake kai su, can inda duwatsu suke, don ƙasa ba ta taɓo kuma ƙudan tsando bai cika ba. Ba ya barinsu su daɗe a wuri ɗaya. Da ya ga sun cinye kan ciyawa sun fara sunkuyar da baki zuwa gindi, sai ya matsa, ko da suna so ko ba sa so. Na ce ai akwai saura. Ya ce, "Wannan sauran ba nasu ba ne, na ciyawar ne. Da shi za ta tashi." Fadama kuwa ko kusa ba ya bari su je sai ƙarshen rani, lokacin da ƙasa ta tsage, don ya ce saniyar da ta yi kiwo a fadama mai ruwa hantarta ce za ta biya. Idan aka yi girbi sai su shiga karan dawa da na dauro da tattakar acca, su ci su kwana a gonar su bar masa taki. Bishiyoyin kawo da maɗobiya da ke bakin gonarsa kuma ba a taɓa su da gatari. Ganyensu na makonnin ƙarshe ne, kafin ruwan fari.

Na ce, "To tsakanin ƙarewar kara da buɗe fadama fa? Nan ne kasuwata take."

Ya ce, "Zo ka ga inda kasuwarka ta mutu."

Filin bayan gida ne. A tsakiyar damina yakan zuba shanu a ciki su aske shi ƙasa-ƙasa, ya fitar da su, ya rufe. Ya ce gambar da aka bari tun farkon damina takan zama kara, ta jinka ce ba ta ci ba, amma wadda aka aske ta sake fitowa, ruwa zai ɗauke tana da ganye. A kusurwoyi da gefen hanya yakan bar tsirarun dogaye ya ƙulle kansu. A wajenmu kowa ya san ƙulli: idan mutum ya ƙulla ciyawa a daji, ya kama ta ke nan, ba mai yanka. Mutane don jinka suke yi, shi ya yi don shanu. Kuma idan lokaci ya yi, ba ya buɗe filin gaba ɗaya. Ƙulli ɗaya zai kwance, ya ja igiya, ya ba su yanki, sai sun share shi tas ya ƙara gaba. Ya ce a wurin Mama ya koya, don bai taɓa ganin ta buɗe rumbu ta ce wa yara ku shiga ku ɗiba ba.

Kada a ce bai taɓa ajiye harawa ba. Yana da 'yar kaɗan ta gyaɗarsa a kan reshen ɗorawa, saboda saniyar da ta haihu ko wadda ta kwanta ciwo. Abincin asibiti yake kiranta.

Sau ɗaya ya zo rumfata da niyyar saye, kuma ba na son tuna fuskarsa. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ce. Samari sun cinna wa daji wuta don farautar gafiya da zomo, ranar Lahadi, iska ta juya. Ranar ce ya fice daga sujada. Kafin ya isa, filin ya zama baƙi ƙirin. Ya lallaɓa da kara har ya ƙare, ya shiga fadama tun ba ta bushe ba, ya sassabe kawo tun lokaci bai yi ba. Duk da haka kafin ruwa ya sauka ana ƙirga haƙarƙarin shanunsa daga bakin hanya. Ya zo da rana tsaka, ya tsaya a waje, ya ce, "Ba ni abincin asibitin nan." Na ce ya ɗiba kawai. Ya ce, "Ni ba bara na zo ba." Karsanoninsa ya sayar, waɗanda su ne garken gobe, ya biya. Tsohuwar saniyar da ya fi so, jikar karsanarsa ta fari, ta kwanta a wannan ranin ba ta tashi ba. Mama ta ce ya yi kwanaki ba ya cin tuwo sai kunu.

Wani zai kai ƙara wurin dagaci. Kawu bai kai ba. Da kaka ta zagayo, shi ya je ya sami samarin. Ya ce, "Gafiya kuke so, ni ciyawa nake so. Ku zo mu ƙone tare." Ya sa suka share hanya mai faɗi kewaye da filin, sannan da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, suka cinna wa dajin waje wuta tun yana da ɗanye. Wutar ta tafi a hankali, samari suka sami namansu, shi ya sami katangar da wuta ba ta tsallakewa, bayan 'yan makonni kuma wurin da aka ƙone ya yi toho shanu suka samu. Kowace shekara haka. Amma bai daina yi musu tsawa ba, kuma bai daina zama kusa da taga a majami'a ba.

Faɗanmu babba a shekarun fari ne. Ruwa ya ƙi a arewa, harawa ta yi wuya ko a can, makiyaya suka gangaro mana da shanu kamar kwarangwal. Duk abin da ake kira ciyawa ya zama kaya. Na je na sami Kawu na ce ya bar ni in kawo masu lauje mu yanke filin, in ɗaure dami-dami in kai kasuwa, da abin da za a samu zai sayi shanu biyu a kuɗin ɗaya, tunda ana zubar da su.

Ya ce, "In sayo su su ci me?"

Na ce, "Kawu, dama ce. Ba kullum take zuwa ba."

Ya ce, "Ka shigo rumbuna da lauje kana ce mini dama. Tashi ka fita. Uwarka ba haka ta yi renonka ba, tasha ce ta lalata ka."

Na tashi na fita, na yi wata da watanni ban taka gidan ba. Har yau ina ganin lissafina na wannan shekarar daidai ne, idan shekara ɗaya ake dubawa. Shi ba shekara ɗaya yake dubawa ba, kuma ƙasar tasa ce.

Abin da ya yi da filin daga baya a bakin Arɗo na ji. Wasu baƙin makiyaya sun sauka kusa da rafi, shanunsu na faɗuwa. Sun ga ƙulli sun tsaya, ba su shiga ba. Wannan tsayawar ce ta taɓa shi. Ya je ya ce musu ba zai iya ɗaukar garkensu ba, amma duk saniyar da ke da ɗan maraƙi a ƙarƙashinta a kawo. Ya kwance musu ƙulli ɗaya. Bai karɓi komai ba, sai sharaɗi guda: duk garken, masu ci da marasa ci, a gonarsa za su riƙa kwana. Da damina ta zo, dawar Kawu ta fi ta kowa a ƙauyen. Da na koma gaishe shi na ce, "Ashe kai ma ɗan kasuwa ne." Ya ce, "A wurin wa kake tsammani ka gada?" Sulhunmu ke nan, ba wanda ya ba wani haƙuri.

To, wannan filin ne za a sare.

Washegarin jana'iza na shiga ɗakin Mama. A al'adarmu matar mamaci tana zaune a tabarma har a yi taro, ba ta fita, ba ta sa baki a shawarar maza. Na gaishe ta. Ta ce, "Ka ji abin da ɗan'uwanka ya ce?" Na ce na ji. Ta ce, "Nonon shanun nan ne gishirina da sabuluna. Takinsu ne tuwona. Idan suka tafi, sai in koma jiran abin da matan 'ya'ya za su zubo mini." Ba ta roƙe ni komai ba. Ni kuma ba sai an yi mini bayani ba. Na ga shekarar wuta da idona. Idan filin ya tafi, kara zai ƙare bayan Kirsimati, a fara sayen harawa, a gaji, kafin Ista a kaɗa shanun zuwa kasuwa a rame. Na kuma san masu jiran irin wannan garken a kasuwa, don ni ma cikinsu nake.

Na sami taubashina a bayan gida. Ba mugu ba ne, kada wanda ya karanta wannan ya ɗauke shi haka. Manomin citta ne, mai ƙwazo, kuma ya daɗe yana ganin ƙasa mai kyau a kwance ana ba shanu.

Na ce, "A bar filin nan."

Ya ce, "Kai ɗan mace, tun yaushe bawa yake ba ubangidansa umarni?" Wasan taubasai ne, amma idonsa ba ya dariya. "Baba dattijo ne. Ƙungiyoyin waƙa za su zo, fastoci za su zo. A kan dutse zan zaunar da su? A ce ɗansa ya kasa share masa wuri?"

"Shanun fa?"

"Ciyawa ce, za ta fito."

"Sai damina."

"To ba ga ka ba? Kai da ke da tarago guda na harawa. Ko Baba ya hana ka ciniki yana da rai, ya hana ka yana kabari?"

Gaskiya ya faɗa. Ƙasar gadonsu ce, ni ɗan mace ne, ba ni da taki ɗaya a cikinta.

Amma ɗan mace yana da abu guda. A wajenmu, idan kawun mutum ya mutu, kafin a taɓa kayansa ana kiran ɗan 'yar'uwarsa a gaban dattawa ya ɗora hannu a kan abu ɗaya. Abin da ya taɓa nasa ne, ba mai musu. Ƙasa ce kawai da rumbun iri ba a taɓawa. Wasu riga suke ɗauka, wasu fartanya, mai ido ya ɗauki akuya. Ni kowa ya san abin da zan ɗauka. Kawu yana da wani bijimi fari mai tozo kamar tulu, na sha taya shi yana korata. Da dattawa suka zauna, kwana biyu kafin a fara saran, har taubashina ya sa an ɗaura wa bijimin igiya, don a gama da wuri.

Babban dattijon dangi ya ce, "Ɗan 'yarmu, tashi ka ga abin da kawunka ya bar maka."

Na tashi. Na wuce ta gaban bijimin, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na waiwaya na sake dubansa. Na zagaya bayan gida, dattawa suna biye da ni suna tambayar juna ina za shi. Na je kusurwar filin na ɗora hannu a kan ƙullin.

Taubashina ya ce, "Ba a taɓa ƙasa!"

Na ce, "Ƙasa taku ce. Ciyawar da ke tsaye a kanta bana, daga wannan ƙullin zuwa na ƙarshe, ita na ɗauka."

Wani dattijo ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa jin an gaji ciyawa ba. Wani ya ce ai bai taɓa jin an hana ba. Suka koma gefe suka yi ta magana da yarenmu, har da ɗaga murya. Da suka dawo, babbansu ya ce, "Mai ƙulli ya kama ciyawa, wannan kowa ya sani. Abin da mutum ya kama kayansa ne. Yaro ya taɓa kayan kawunsa. Ba mai sa adda."

Taubashina ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Yankewa za ka yi ka kai tasha, ko? Na san ka."

Na ce, "Ka zuba ido."

Ya ce, "Ka bar bijimi saboda ciyawa. Kafanchan za su ji."

Sun ji kuwa. Har yau akwai masu kirana magajin ciyawa a kasuwar shanu.

An yi taron a gonar dawa, a ɓangaren da shanu suka riga suka cinye karansa. Wuri ne mai kunya-kunya, benci ba ya zama daidai, ga kashin shanu ko'ina. Wata baƙuwa daga gari ta yi ta ɗaga zaninta tana tsaki. Bijimin nan shi aka yanka wa baƙi, na ci namansa, yana da daɗi, ban ji daɗi ba. Taubashina bai yi mini magana ba har aka watse.

Kara ya ƙare bayan sabuwar shekara. Na zo daga Kafanchan da niyyar kwance ƙulli, sai na tarar ban san ta inda ake farawa ba, ko yankin da za a ba su ya kai ina. Na tsaya ina kallon filin kamar baƙo. Mama ta fito, lokacin ta gama zaman tabarma. Ta ce, "Ba nan ba. Ta gefen rafi yake farawa, can ta fi saurin bushewa." Ta wuce gaba ina binta. Ta kama ƙullin, ta daɗe riƙe da shi. Sannan ta ce, "To, Baban yara, mun buɗe," ta warware. Ita ta nuna inda za a ja igiya. Arɗo ya koro shanun suka shiga, ba ka jin komai sai ƙarar fizgar ciyawa.

Sun fita rani a tsaye. Ba su yi ƙiba ba, amma ba wadda ta kwanta, biyu ma sun haihu. Dami ɗaya na kawo duk ranin, na asibiti, kuma Mama ta tilasta mini karɓar man shanu a madadinsa.

Na san rani ɗaya kawai na saya. Haƙƙin ɗan mace ba ya maimaituwa, kuma da ruwa ya sauka ƙasa ta koma hannun masu ita. Da na ji taubashina ya sa garma a filin ya dasa citta, ban yi mamaki ba, ban kuma je ba. Na fara tunanin wanda zan haɗa Mama da shi ya sayi shanun da mutunci.

A watan Agusta hanya ta bi da ni ƙauyen. Na leƙa bayan gida. Citta ce kore shar tun daga bangon gida har tsakiyar filin, ta yi kyau ƙwarai. Daga tsakiya zuwa rafi kuwa an aske ciyawa ƙasa-ƙasa, ga sawun shanu, ga sabon ganye yana tasowa. A kusurwa ga tsinken gamba an tattara an ƙulle. Ƙullin bai yi kyau ba, ya karkace, an yi shi da ƙarfi kamar ana ɗaure buhu. Kawu da ya gani da ya yi faɗa.

Taubashina yana tsugune cikin cittarsa yana cire ciyawa. Na ce, "Ubangida, wa ya yi wannan aikin?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Citta tana son taki. Ka san tsadar takin zamani kuwa?"

Na ce, "Ƙullin ya karkace."

Ya ce, "To zo ka gyara, magajin ciyawa."

Ban gyara ba. Na bar shi yadda mai shi ya ƙulla.

Ka huta, Kawu, sai mun sadu a ƙafafun Yesu. Masu ƙafa huɗu sun ƙoshi, kuma har yanzu gidanka ba ya ciniki da ni.